JANGARE, BABBAN BIRNIN ISKOKI: TARIHINSA DA DARASIN DA KE CIKINSA



A darasin tarihi malamanmu sun koya mana labarin manyan biranen ƙasar Hausa. Waɗansu suna nan cike da jama'a, kamar Kano da Katsina da Zariya da namu Birnin Shehu. Waɗansu kuwa sun zama kufai, kamar Alƙalawa ta Gobirawa da Surame ta Kanta, inda sai ragowar ganuwa kaɗai mutum zai tarar. To, akwai wani birni dabam wanda sunansa ya daɗe a bakin Hausawa. An san sarkinsa, an san 'ya'yan sarkinsa, an san malamansa da mahautansa da kutarensa, amma babu shi a taswira, kuma babu wani mahaluki da ya taɓa zuwa ya dawo ya ce mana ga ƙofarsa. Sunan wannan birni Jangare, watau babban birnin iskoki a faɗar 'yan bori.

Na san wani zai ce, me ya haɗa ɗan makaranta da zancen bori, a garin Shehu kuwa? Amsata ita ce, sanin abu dabam, bin sa dabam. Likita yakan karanta cuta don ya san maganinta. Haka kuma wanda bai san abin da Shehu Usmanu ya tarar a ƙasar nan ba, ba zai gane girman aikin da ya yi ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka zan kawo abin da ake faɗa game da wannan birni, sa'an nan in nuna yadda labarinsa ya sarƙe da tarihin ƙasarmu, daga ƙarshe in faɗi abin da ya shafe mu a yau.

INA JANGARE YAKE?

Waɗansu suna cewa asalin sunan shi ne "jan gari" ko "jan garu", watau gari mai jar ganuwa. Wani Baturen soja mai suna Tremearne, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tafi biranen Tunis da Tarabulus ya zauna da Hausawan da ke can, ya rubuta abin da suka gaya masa a wani littafi da aka buga a 1914. Yawancin Hausawan nan bayi ne da aka ƙetare hamada da su, ko kuwa 'ya'yansu, kuma sun tafi da borinsu. Sun ce masa birnin yana can cikin hamada, wajen ƙasar Asbin. Sun ce matafiyi yakan ji carar zakara da kiɗa da hayaniyar gari da asuba, amma ba ya ganin kome sai rairayi, kuma wanda ya kuskura ya shiga ba a sake jin ɗuriyarsa.

Ko da yake Jangare ne babban birninsu, 'yan bori sun ce iskoki ba sa zama wuri guda. Suna yawo cikin duniya, suna sauka a itacen tsamiya da kuka, da suri, da tsohuwar rijiya, da juji, da kangon gida, da cikin guguwa. Daga nan ne muka sami yawancin hane-hanen da kakanninmu suke yi mana. Ni kaina na tashi ina jin kakata tana cewa kada a watsa ruwan zafi a tsakar gida da dare ba tare da bisimilla ba, kada a tsaya a bakin ƙofa da magariba, kada yaro ya je gindin tsamiya da tsakar rana. In an tambaye ta dalili sai ta ce saboda "mutanen ɓoye", don ba ta son kama sunansu.

Wannan suna na mutanen ɓoye yana da tatsuniyarsa. 'Yan bori, musamman na ƙasar Nijar, sukan ce wai Hauwa'u ta haifi tagwaye masu yawa, sai ta ɓoye waɗanda suka fi kyau don kada a karɓe mata su. Da aka gane haka sai aka hukunta cewa waɗanda ta ɓoye za su tabbata a ɓoye har abada, suna ganinmu ba ma ganinsu. Wannan labari babu shi a Alƙur'ani, babu shi a hadisi. Abin mamaki shi ne, mutanen tsibirin Aisilan, can ƙuryar arewacin Turai, suna da tatsuniya kusan irin wannan game da waɗansu halittu da su ma suke kira ɓoyayyun mutane, masu zama cikin duwatsu. Wannan ya nuna mana cewa tunanin wata al'umma da ke zaune kusa da mu ba ma ganinta ba Bahaushe kaɗai ya yi shi ba.

SARAUTA DA GIDAJEN BIRNIN

Wani Ba'amurke mai nazarin kiɗa, Fremont Besmer, ya zauna da 'yan bori da makaɗansu a ƙasar Kano, ya buga littafinsa a 1983. Bisa ga abin da suka gaya masa, Jangare ya kasu gida goma sha biyu, kowane gida da maigidansa da sana'arsa. Sarkin birnin duka shi ne Sarkin Aljan Sulemanu, kuma gidansa ne na fari. Akwai gidan Sarkin Aljan Biddarene, da na Sarkin Aljan Zurƙalene, da na Sarkin Aljan Shekaratafe wanda ke shugabancin iskokin ruwa. Akwai gidan Malam Alhaji na malamai, da gidan Kuturu na kutare, da gidan Sarkin Filani, da na Sarkin Arna, da na Sarkin Gwari. Akwai makafi da sarkinsu, akwai maƙera da mahauta da maharba da makaɗa.

Mutanen waɗannan gidaje, in ji 'yan bori, suna aure, suna haihuwa, suna kishi, suna ba da 'ya'yansu riƙo ga 'yan'uwa. Akwai waɗanda ke wasa da juna kamar taubasai, akwai waɗanda ke jin kunyar juna kamar suruki da surukarsa.

Yanzu ina so mai karatu ya ɗan dakata ya dubi garinmu. A Sakkwato muna da Kanwuri inda fada take, muna da Giɗaɗawa unguwar Waziri da malamai, muna da Maƙera Assada unguwar maƙera. A kowane babban garin Hausa akwai Sarkin Pawa, da Sarkin Maƙera, da Sarkin Makafi, da Sarkin Kutare, da Sarkin Filani. Ashe duk wanda ya tsara Jangare bai yi nisa ba, garinsu ya duba ya kwaikwaya. A ganina wannan shi ne babban amfanin labarin ga ɗalibin tarihi. Jangare madubi ne. In ka leƙa cikinsa za ka ga yadda Hausawan dā suka tsara zamansu, da waɗanda suke girmamawa, da waɗanda suke tsoro, da baƙin da suka zauna tare da su.

WAƊANSU DAGA CIKIN MUTANEN JANGARE

Iskokin suna da yawa ƙwarai, amma ga kaɗan daga cikin waɗanda aka fi sani.

Ɗan Galadima shi ne ɗan sarki. Kyakkyawa ne, mai son manyan riguna da turare, mai kyauta ba lissafi, mai caca. Wanda ya kama, wai sai ya riƙa rabar da dukiyarsa har ya tsiyace. Duk wanda ya san halin ɗan gata da aka sangarta ya san Ɗan Galadima.

Malam Alhaji tsoho ne, malami. In ya hau mutum sai a ga ya zauna a natse, yana jan tasbaha, yana tarin tsufa, yana yi kamar mai karatu ko mai rubutu a allo.

Kuturu kuwa, wanda ya hau sai ya dunƙule yatsunsa, ya riƙa magana ta hanci, yana korar ƙuda, yana bara. Duk da haka ana ɗaukarsa babba ne mai faɗa a ji a birnin.

Sarkin Rafi mai zafin kai ne, ana danganta shi da fadama da ruwa, ana kuma jingina masa hauka. Kure shi ne mai siffar kura. Danko shi ne maciji.

A cikin mata babu kamar Inna, wadda ake kira Bafilatana, waɗansu kuma su ce Doguwa. Ita ce uwa, ana cewa tana ba da arziki ga wanda ta so, tana kuma tsare masa dukiya. Wanda ta yi fushi da shi kuwa, sai ta shanye masa hannu ko ƙafa. Daga nan Hausa ta sami kalmar "shan inna", wadda zan dawo kanta nan gaba.

Abin lura a nan shi ne, kowane iska yana da cutar da ake ce shi ke sa ta, kuma shi ne ake roƙo ya ɗauke ta. Ta haka bori ya zama asibitin mutanen dā. Ba su da madubin likita, ba su san ƙwayoyin cuta ba, saboda haka kowace cuta suka ba ta suna da fuska da hali.

YADDA AKE KIRANSU

Mutumin da iska ke hawa ana ce da shi doki in namiji ne, goɗiya in mace ce. Yawanci ba da son rai ake shiga ba. Mutum ne zai yi ta ciwo an rasa kansa, sai a ce iskoki ne ke nemansa, a yi masa girka. Girka ita ce keɓe shi na 'yan kwanaki ana ba shi jiƙe-jiƙe da hayaƙi, ana yanka dabbar da kowane iska yake so, har a ce an shirya tsakaninsu. Shugabannin wannan harka su ne Sarkin Bori da Magajiya.

A wurin wasa makaɗa ne ke kiran iskoki. Akan yi amfani da garaya tare da masu kaɗa buta, ko goge, mata kuma a cikin gida su kaɗa ƙwarya. Kowane iska da takensa da kirarinsa da irin tufafinsa. In an kaɗa taken wanda ke kan mutum sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya fita hayyacinsa, ya soma yin halin wannan iska. Waɗansu sukan yi tsalle su faɗo da mazaunai a ƙasa, abin da ake kira jifa. In iska zai sauka sai dokin ya yi atishawa.

Irin wannan al'ada ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. A Tunis akwai wadda ake kira sitambali, wadda zuriyar bayin da aka kai daga ƙasashenmu suka riƙe. A Sudan da Masar da Habasha kuma akwai wadda ake kira zar.

ADDININ MUTANEN JANGARE DA ABIN DA MUSULUNCI YA CE

'Yan bori sun raba iskoki kashi biyu. Akwai farfaru, waɗanda aka ce Musulmi ne, mazauna gari, masu sauƙin hali. Akwai babbaƙu, waɗanda aka ce arna ne, mazauna daji, masu mugunta. Wannan rabo da kansa shaida ce cewa labarin Jangare, yadda muka same shi, ya sha gyara bayan zuwan Musulunci. Dubi sunan sarkin birnin, Sulemanu. An ɗauko shi daga sunan Annabi Sulaimanu, alaihissalam, wanda Allah ya hore wa aljannu. Zurƙalene kuma daga Zulƙarnaini aka ɗauko shi, wanda labarinsa ya zo a Suratul Kahfi. Malam Alhaji ma ba zai samu ba sai a ƙasar da ta san malami ta san hajji.

Mu Musulmi mun yi imani akwai aljannu. Alƙur'ani ya faɗa mana daga wuta aka halicce su, akwai muminai a cikinsu akwai kafirai, kuma sura ta 72 sunansu ta ɗauka. Amma Alƙur'ani bai ambaci Jangare ba, bai ambaci gidaje goma sha biyu ba. Bugu da ƙari, a Suratu Saba'i an ba mu labarin rasuwar Annabi Sulaimanu. Ya rasu yana dogare da sandarsa, aljannu suna ta wahalar aiki ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi sa'an nan suka gane. Darasin da ke ciki a fili yake: aljannu ba su san gaibu ba. Wanda bai san mai kula da shi ya rasu ba alhali yana gabansa, yaya zai san abin da zai same ni gobe? A waccan sura ta 72 kuma an nuna cewa mutanen da suke neman tsari wurin aljannu ba abin da suka ƙaru da shi sai wahala. Saboda haka malamanmu suka ce yanka don wanin Allah, da roƙon waninsa abin da shi kaɗai ke bayarwa, shirka ne.

JANGARE DA TARIHIN ƘASARMU

Bautar iskoki ta riga Musulunci a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da ke zaune a dutsen Dala yana shugabantar bautar Tsumburbura. Ya kuma ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci. Amma sarakuna da talakawa da yawa sun riƙe abu biyu a lokaci guda, ga salla ga tsafi, har tsawon ɗaruruwan shekaru.

A nan yammacin ƙasar Hausa, Gobir ce ta fi shahara da wannan. A fadar Alƙalawa akwai sarautar mata da ake kira Inna, wadda akan naɗa daga gidan sarauta. Ita ce shugabar mata, ita ce kuma uwar 'yan bori na ƙasar duka. Watau bori a lokacin nan yana cikin fada, yana da gindin zama a mulki.

Wannan hali ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya tashi ya tarar. A wa'azinsa da littattafansa, kamar Nurul Albabi, ya soki masu yanka ga itatuwa da duwatsu. A wannan littafi kuma ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. In mun lura za mu ga abubuwan nan biyu a haɗe suke, gama macen da ba a koya wa addininta ba, in ɗanta ya kwanta ciwo, ina za ta nufa in ba wurin Magajiya ba? A 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a 1808 aka ci Alƙalawa aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, a 1809 kuma Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato.

Cin Alƙalawa bai kawar da bori ba. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun koma arewa, daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, suka ci gaba da naɗa Inna. Matan da aka kamo a yaƙe-yaƙe kuma suka shigo gidajen Sakkwato da Wurno da ƙauyuka da abin da suka gada. Ganuwar ƙasa ana rushe ta da yaƙi, amma Jangare a cikin zukata yake, doki da mashi ba sa kai wa gare shi.

A nan ne Nana Asma'u 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, ta nuna hikimarta. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, kuma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Bayan rasuwar ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello a 1837, ta ƙarfafa tsarin nan na 'yan taru. Takan zaɓi dattijuwar mace mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji. Jaji ita ke jagorantar tsofaffin mata da 'yan mata zuwa wurin Nana, su koyi waƙoƙin da ta tsara a kan tauhidi da salla da tarihin Annabi da kyawawan halaye, su koma su koya wa na gida. Ta gargaɗi mata a kan bori, ta kuma rubuta littafi a kan neman waraka ta hanyar ayoyi da addu'o'i. Alamar da take ba kowace jaji ita ce malfa da jan rawani. Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta kuma yi nazarin rubuce-rubucen Nana da taimakon Waziri Junaidu, ta nuna cewa malfa tana cikin kayan sarautar Innar Gobir. Ke nan Nana ta ɗauki alamar da matan ƙasar suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan malama. Ta gane cewa abin da ke kai mata wurin bori shi ne neman magani, da neman wanda zai saurare su, da neman taron 'yan'uwa, sai ta ba su duka ukun ta hanyar ilmi. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

Ko zuwan Turawa ma ya bar alama a Jangare. Sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Faransawa kuma suka mallaki ƙasar Nijar. Wajen 1925, a yankin Filinge na Nijar, sai ga waɗansu sababbin iskoki sun ɓullo, masu fareti da sara wa juna da ba da oda kamar soja. Ana kiransu Babule, a cikinsu har da wani Kumandan Mugu. Mutanen da aka danne da harajin Bature da aikin tilas sun ɗauki mai mulkinsu sun ba shi gida a birnin iskoki. Wannan ya ƙara tabbatar mana cewa duk abin da ya faru a ƙasa, sai inuwarsa ta faɗa Jangare.

ABIN DA YA SHAFE MU A YAU

Wani zai ce ai wannan duk labarin dā ne. Ni kuwa ina ganin da sauransa, domin har yanzu in ciwo ya zo da ban tsoro, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne "iska ne".

Mu ɗauki shan inna. Yau an san ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tana shiga ta baki daga ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa, ta lalata jijiyoyin yaro. Ba ta da magani in ta riga ta kama, amma ɗigon rigakafi yana hana ta. A 2003 an dakatar da rigakafin a waɗansu jihohin Arewa saboda jita-jita, cutar ta yaɗu har zuwa waɗansu ƙasashe, yara da yawa suka nakasa. Daga baya sarakunanmu, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka shiga gaba wajen wayar da kan jama'a. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Nijeriya an same shi a Barno a 2016, kuma a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar cewa Afirka ta rabu da ita. Duk da haka ba a daina rigakafi ba, don haka in masu ɗigo sun zo ƙofar gida, mu fito da ƙannenmu.

Haka kuturta. Tun 1873 wani likita ɗan ƙasar Nowe mai suna Hansen ya gano ƙwayar da ke kawo ta. Yanzu tana warkewa sarai, ana ba da maganinta kyauta, kuma wanda ya je da wuri ba ya rasa yatsa ko ɗaya.

Sai farfaɗiya, wadda mu ɗalibai muka fi gamuwa da ita. Ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓa mai ita. In ɗan'uwanmu ya faɗi a aji ko a ɗakin kwana, kada mu watse mu bar shi. A kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni, a sa masa wani abu mai taushi ƙarƙashin kai, kada a cusa masa cokali a baki, in jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe, sa'an nan a kira malami. Masu taɓin hankali kuma akwai asibitinsu na Gwamnatin Tarayya a Kware, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari. Ɗaure marar lafiya da mari, ko dukansa da sunan fitar da aljani, zalunci ne. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, gama Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya umurce mu da neman magani.

Ina roƙon iyayenmu, musamman mata, su yi haƙuri da wannan magana tawa. Ban faɗe ta don raina abin da kakanni suka yi ba. Sun yi iyakar abin da suka sani a zamaninsu. Amma mu da Allah ya ba makaranta da asibiti, ba mu da hujjar da suke da ita.

KAMMALAWA

To, me za mu yi da Jangare? A ganina abu uku ne. Na farko, kada mu roƙi mutanensa kome, kada mu yanka musu ko da ɗan tsako. Na biyu, mu karanta labarinsa a matsayin tarihi, kamar yadda muke zuwa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu mu ga sulke da kwalkwali ba tare da mun yi shirin yaƙi ba. Na uku, masu sha'awar rubutu a cikinmu su san cewa muna da taskar ƙaga labari a gida. Abubakar Imam a Ruwan Bagaja da Bello Kagara a Ganɗoki, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, duk sun kai jarumansu cikin aljannu, kuma har yau ana karanta su a makarantu. Wani malamin jami'a a Ingila mai suna Tolkien ya tattara tatsuniyoyin mutanen Turai na dā, ya ƙaga birane da sarakuna da harsuna na irin waɗannan halittu, littafinsa ya fito a 1954 da 1955, duniya duka ta san shi. Mai karanta irin waɗannan littattafai ya san ƙage ne, yana jin daɗi, yana ɗaukar darasi, imaninsa kuma yana nan inda yake.

Saboda haka ina ba 'yan'uwana shawara, in an yi hutu kowa ya zauna da kakarsa ko kakansa da littafi da alƙalami, ya rubuta tatsuniyoyi da hane-hane da labarun dā da suka sani, ya tambayi malamin addini abin da ya halatta da abin da ya haramta a ciki, ya kawo wa ƙungiyar Hausa ta makaranta. Tsofaffin nan ba za su dawwama tare da mu ba, kuma abin da aka rubuta shi ke tsira.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan Shehu da Nana Asma'u da sauran magabata.